Daga Maƙerar Babana Zuwa Lokeshan: Yadda Na Zama Mai Ƙera Kwalkwalin Fim

Ni ɗan gidan maƙera ne a cikin birnin Kano, amma ba maƙeran baƙi masu garma da fartanya da gatari ba. Mu maƙeran fari ne. Azurfa, tagulla, jan ƙarfe da farin kwano su ne abin aikinmu. Kakana ya yi, babana ya yi, ni ma tun ban isa ɗaga masaba da hannu ɗaya ba aka zaunar da ni a bakin zuga-zugi. Zobe, munduwa, warwaro, kwalliyar linzami da ta sirdi, duk muna yi. Amma da zarar azumi ya raba tsakiya, aikin mahaya ne ke cika mana zaure, domin kowane gidan sarauta so yake mutanensa su fito fes ranar hawa.

A nan na fara sanin kwalkwali. Wanda ya tsaya a bakin titi ranar Hawan Daushe ya hango shi a kan ɗan lifidi, dogo, gashin jimina na kaɗawa a samansa, zai ɗauka ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa. Alhali gangar jikinsa tsumma ne da auduga, a jera su hawa-hawa, a ɗinke tam da basilla har su yi tauri, sannan a rufe da jan mulufi ko wani ƙyalle mai ƙwari. Wannan aikin kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, wanda baduku ne. Namu shi ne ƙananan farantan kwano ko tagulla da ake liƙawa a jikinsa, da ɗan ƙoƙon da ke zaune a ƙololuwa, inda ake soke gashin jimina. Babana yakan ɗora faranti a kan curin dalma, ya ɗauki siririn ƙarfe ya dinga buga zane ta baya, ƙwas-ƙwas-ƙwas, har zanen ya taso ta gaba. Ba ya zana komai da fensir tukuna. Zanen yana cikin hannunsa. Idan ya gama sai ya miƙo mini ya ce, "Ungo, goge da toka da tsamiya, kada in ga dusashe ko ɗaya."

Lokacin da na zama saurayi kasuwar ta riga ta fara mutuwa. Sarƙoƙi da awarwaron waje masu arha sun cika Kurmi da Sabon Gari, mata sun daina zuwa a ƙera musu. Aikin hawa kuwa sau biyu ne a shekara, ba ya riƙe gida. Na roƙi Baba ya bar ni in je in koyi gyaran jikin mota. Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce, "Je ka, Allah Ya yi albarka. Amma ka dinga leƙowa maƙera, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." A gareji na koyi aikin faiba: yadda ake haɗa ruwanta da maganin da ke sa ta daskare, yadda ake shimfiɗa zarenta, yadda ake yin mazubi a fitar da bamba sabuwa daga tsohuwa, da feshin fenti. Da wannan sana'a na yi aure, da ita na haifi 'ya'yana na farko.

Bayan da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, hulunan kwanon 'yan acaɓa suka zama ba su da mai so. Wata rana wani yaro mai kula da kayan sawa a wani kamfanin fim ya shigo garejinmu da buhu cike da su. So yake a yanke musu gilashi, a fesa musu fenti ruwan azurfa, a kafa musu jar tsintsiya a tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya. Ya nuna mini hoto a waya. Na ce masa ina son ganin daraktan kafin in taɓa komai.

Daraktan mutum ne mai kirki, mai son aikinsa, ya girme ni kaɗan. Na gaishe shi, na ce, "Yallaɓai, labarin nan na wace ƙasa ce?"

Ya ce, "Na nan Kano ne, Malam. Yaƙin basasa, tsakanin Tukur da Yusufawa."

Na ce, "To ai waɗannan da ke cikin hoton sojojin Rum ne. Tsakaninsu da Sarki Alu, jagoran Yusufawa, akwai shekara fiye da dubu, ga teku, ga Sahara."

Ya ce ya sani, amma masu kallo sun saba da wannan, shi suke gani su san cewa fim ɗin yaƙi ne. Kuma namu na gargajiya, in ji shi, kayan Sallah ne, ba ya ba da tsoro. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Mutanen da suka fita daga Kano bayan rasuwar Sarki Bello a 1893, suka taru a Takai, suka dawo suka ƙwace birni a 1894, ba wasan Sallah suka je yi ba. Da wannan kwalkwalin a kansu suka kashe, aka kashe su. Na ce, "Yallaɓai, ka ba ni dama in yi maka ɗaya irin namu, ka sa a gaban kyamara. Idan bai yi maka ba, zan yi maka na tsintsiyar, ba sai ka ƙara ko sisi ba." Ya yarda.

Na fara da Gidan Makama, gidan tarihin Kano, na tsaya gaban kayan yaƙin da aka ajiye ina zana su a takarda. Amma abin da ke bayan gilashi ba ka iya juya shi ka ga cikinsa. Kawuna ne ya kai ni wurin wani dattijo a cikin birni, wanda gidansu 'yan lifidi ne kaka da kakanni. Muka zauna a zaure, aka gaisa, aka tambayi mutan gida, kawu ya gabatar da ni da sunan babana. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ashe ɗanmu ne." Ya aika jikansa ya ɗauko wata tsohuwar adaka. A ciki, naɗe cikin gwado, akwai kwalkwalin kakansa.

Har yau ina jin ƙanshinsa, na tsohuwar fata da ƙura da turare. Jan ƙyallen ya koma ruwan ƙasa. Gefen da ke taɓa goshi ya yi baƙi ƙirin, ya yi sheƙi saboda zufa. Farantan tagullar ba su yi daidai da juna ba, an sake wasu a lokuta daban-daban, hannun maƙera daban-daban ne. A gefen hagu akwai wani dogon tsagi da aka ɗinke da zaren fata, ɗinkin gaggawa, manyan taku. Na sa yatsa a ciki na ji wasu ƙullutu a ƙarƙashin shafi. Na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya ce, "Layu ne, ɗana. Wa zai shiga fagen fama da tsumma kaɗai?" Ya nuna mini yadda ake ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓa, da yadda kwalkwalin ke zama can ƙasa har ya kusa rufe gira, ba a ɗora shi a tsakiyar kai yadda samari ke yi yanzu don a ga fuskarsu a hoto. Ya ce lifidi da audugar rimi ake cusa shi, yana tare kibiya, amma babban abokin gabansa wuta ne, shi ya sa maharba kan kunna wa kibiya wuta idan sun hango 'yan lifidi. Ya ce kuma idan doki ya faɗi da mai lifidi, ba ya iya tashi shi kaɗai sai dakaru sun ɗaga shi.

Na nemi izini na auna shi ta kowane gefe. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "In za ku nuna su, ku nuna su yadda suke." Na ce, "In Allah Ya yarda, Baba."

Ni da kawu muka yi na farko. Na bar launinsa a dusashe, na yi masa baƙin zufa a goshi, na yi masa tsagi da ɗinki a gefe. Aka sa wa jarumin, ya hau doki da la'asar sakaliya, rana ta faɗo masa ta gefe. Daraktan ya daɗe yana kallon ƙaramin allon, bai ce komai ba. Can ya juyo ya ce, "Malam, guda nawa za ka iya yi mini kafin ƙarshen wata?" Tun daga ranar ban koma gareji a matsayin ma'aikaci ba.

Sai dai na gane da wuri cewa kwalkwalin fim sana'a ce dabam da kwalkwalin hawa. Mai hawan Sallah guda ɗaya yake so, ya yi shekaru yana sawa. Mai fim kuwa runduna yake so, cikin ƙanƙanin lokaci, da kuɗi kaɗan, kuma kowanne da aikin da zai yi a gaban kyamara.

Wanda jarumi zai sa, wanda kyamara za ta matso har a ga zaren ɗinkinsa, wannan ba a yi masa ha'inci. Tagulla ta gaske, fata ta gaske daga majema, gashin jimina na gaske ko da guda uku ne. Gashin jimina ya yi tsada yanzu, abin da a ƙarni na 19 fatake ke ɗauka daga Kano a raƙuma zuwa Tarabulus. Na jarumi ma ba ɗaya ake yi ba. Idan a labarin za a sare shi a ka, dole a sami mai lafiya da mai tsagi, iri ɗaya sak, domin sau da yawa ana ɗaukar ƙarshen yaƙi kafin farkonsa. Mai kula da kwantiniti, wato daidaiton kaya daga fitowa zuwa fitowa, zai zo ya tsaya a kaina yana duba hoto, ko gashi ɗaya ya karkata dabam sai an gyara.

Na mutanen baya, waɗanda za a hango cikin ƙura, a nan dabara take. Na yi da ƙwarya, a zaɓo mai zurfi daidai kai, a rufe da ƙyalle, a liƙa mata farantan gwangwani, a soka gashin talo-talo da aka rina. Daga nesa babu mai bambance shi da na jarumi. Amma ƙwarya tana fashewa, kuma idan ta fashe tana da kaifi, don haka na daina ba mahaya ita, sai dakaru masu tsayuwa a kan ganuwa. Yawancin na baya yanzu da robar da ake yin silifas nake yi, wadda ake sayarwa fale-fale a Ƙofar Wambai. Ga yadda abin yake: ina naɗe kan gunki da leda, in bi da salatif har ya rufe, in zana layuka in raba shi gida huɗu ko shida, in yanke in shimfiɗa a kwali. Wannan shi ne ma'auni. In ɗora a kan roba in yanka da sabuwar reza, a karkace, don bakunan su haɗu ba tare da rami ba. In gasa kowane yanki a kan garwashi sama-sama har ya yi laushi, in danna shi a cikin turmi ya lanƙwashe. Sai gam irin na masu takalmi, a shafa gefe biyu, a jira ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. Wanda ya yi gaggawar haɗawa, a tsakiyar sukuwa kwalkwalinsa zai buɗe.

Na ƙarfe kuma labarinsa dabam. Tarihin Kano da aka rubuta ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da hular ƙarfe da sulke a ƙasar Hausa. Da aka kawo mini aikin wani labari na wancan zamani, sai na gina hulunan a kan samfurin da ke ketaro Sahara daga Masar: ƙoƙon ƙarfe mai ɗan tsini a sama, da sandar da ke saukowa ta kare hanci, da labulen sulke da ke rufe wuya da kunnuwa. Irin wannan hula ta daɗe ƙwarai a Sudan, har a yaƙin Omdurman na 1898 akwai manyan mayaƙan Mahadi da ke da ita. Na ƙera guda ɗaya da ƙarfe na gaske, na buga shi a kan uwar maƙerar babana, na bar sawun masaba a jikinsa da gangan. Daga shi na yi mazubi, na dinga fitar da 'yan'uwansa da faiba. Abin da na koya a gareji ke nan ya dawo ya yi mini rana. Na ƙarfen ya kusa kilo biyu, na faiba bai kai rabin haka ba, na roba kuwa yaro ma zai yini da shi.

Mutane kan tambaye ni me ya sa ba za a yi duka da ƙarfe ba tunda na iya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a lokeshan a watan Maris ko Afrilu ba zai yi wannan tambayar ba. Hular ƙarfe a ranar Kano tukunya ce a kan murhu, kan mutum ne a ciki. Ga nauyi a wuya tun safe har yamma, ana maimaita fitowa ɗaya sau da yawa. Ga ƙara: labulen sulke na gaske yana kaɗawa yana taɓa ƙarfe, mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya ce ba ya jin maganar jarumi. Sulke na asali kowace zobe tana sarƙe da guda huɗu, kuma a kan dasa mata ƙusa a baki. Na jarumi haka nake yi da waya, zobe bayan zobe, aikin da ke cinye dare. Na sauran kuwa ko dai in yanka siririn bututun roba zobe-zobe a sarƙa, ko in ba mata masu saƙa su saƙa da igiya mai kauri, a matse da dutsen guga, a shafa fenti a kan tudun saƙar kaɗai. Matata da maƙwabtanta sun ci abinci da wannan aikin ba kaɗan ba.

Fenti shi ne inda ake gane gwani. Sabon shiga yakan fesa ruwan azurfa kai tsaye, abin ya fito yana walƙiya, kowa ya gan shi ya san roba ce. Ni da baƙi nake farawa. Idan ya bushe sai in kankare bakin fensir ya zama gari, in shafa da yatsa ina murzawa, sai ka ga ƙarfe ya fito daga cikin baƙin, mai duhu, mai nauyi a ido. Sannan in ɗauki busasshen buroshi in taɓa azurfa kaɗan a gefuna da kan ƙusoshi, wuraren da hannu da kube da sirdi za su goge a rayuwa ta gaske. Tsatsa kuma a cikin lunguna take zama, inda ruwa ke kwanciya, ba a kan tudu ba. Ina haɗa ta da jar ƙasa da man goge takalmi. Ƙarshe in yayyafa ƙurar wurin da za a yi ɗaukar, domin ƙasar Dawakin Tofa da ta Rano ba launinsu ɗaya a kyamara ba. Sheƙi kuma abokin gaba ne. Hula mai sheƙi tana nuna mai kyamara da ma'aikatansa a jikinta, kuma tana mayar da hasken rana cikin gilashin kyamara. Har da sabulu nake yawo a aljihu, in goga a inda ya yi ƙyalli.

Akwai ranar da ba na mantawa. Ana ɗaukar sukuwa a wani fili a bayan gari, dawaki na kan gaba su ne za su yi karo. Tun da safe mai shirya fim ɗin ya so a sa wa na gaba hulunan faiba domin sun fi kyau a hoto. Na ce masa, "Alhaji, don Allah ka bar su da na roba. Faiba idan ta karye tsini take yi." Ya ɗan ɓata rai, ya ce lokaci na tafiya, amma ya bari. Ana cikin gudu dokin wani yaro ya sa ƙafa a rami, ya kifa. Yaron ya wuntsila ta kan wuyan dokin, kansa ya fara isa ƙasa. Na yar da abin da ke hannuna na ruga. Kafin in isa ya tashi zaune yana salati. Hular ta lotse ta gefe ɗaya, soson da na ninka a ciki ya matse, igiyar haɓa ba ta tsinke ba. Kafaɗarsa ce ta goce, aka kai shi wurin mai ɗori. Allah ne Ya tsare shi, ba roba ba, kuma ban taɓa ce wa kowa abin da nake yi hular kariya ce ba. Amma daga ranar na kafa sharaɗi: duk wanda zai hau doki da gudu, ko za a kai masa sara, ni zan sa masa hula da hannuna, ni zan ɗaure igiyar. Wanda bai yarda da wannan ba ya nemi wani.

Wani malamin tarihi daga jami'a, da aka ɗauko ya duba labarin wani fim, shi ya ba ni wani labari da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ya zauna a rumfata yana kallon ina aiki, ya ce, "Malam, ka san mayaƙan nan na arewacin Turai da ake zanawa da ƙaho biyu a hula?" Na ce na sha ganinsu. Ya ce ba su taɓa shiga yaƙi da ƙaho ba. Wani mai tsara kayan wasan kwaikwayo ne Bajamushe, Carl Emil Doepler, ya sa wa 'yan wasa irin wannan hula a wani babban wasan waƙe da aka yi a garin Bayreuth a 1876, abin ya bi duniya. Hular mutanen ta gaske da aka tono a wata gona a ƙasar Norway a 1943 ƙoƙon ƙarfe ce mai kariyar ido, babu ƙaho ko ɗaya. Amma har gobe ka ce wa yaro ya zana su, ƙaho zai fara yi. Na yi ta juya wannan magana. Mai sana'a irina ne ya yi wannan, mutum ɗaya a rumfarsa. Yaranmu ba sa zuwa Gidan Makama, da yawansu ba za su taɓa zama da dattijo irin wanda na zauna da shi ba. A waya za su ga Kanajeji da Amina ta Zazzau da Alu. Abin da na ɗora wa ɗan wasa a ka, shi za su riƙe a matsayin kakanninsu. Ina ganin wannan amana ce, kuma ina jin ciwo idan na ga an yi fim an kashe kuɗi mai yawa, an sa wa Bahaushe ko Babarbare hular Rumawa.

Ban ce ba a ƙara komai don kyan hoto ba. Ina ƙarawa. Nakan ɗaga bakin kwalkwalin jarumi kaɗan don a ga idonsa, nakan bambanta launin runduna biyu don mai kallo ya san wa ke bin wa cikin ƙura. Darakta yana da haƙƙinsa, mai kallo ma haka. Iyakata ita ce kada in ɗauko kayan wata al'umma in ce namu ne.

Wahalar sana'ar ba ta ɓuya. An sha karɓar kaya a ce sai fim ya fita za a cika mini, shiru har yau. An sha mayar da aikin wata guda cikin buhu a jefa a sito, gara da ɓera su gama da shi, bayan shekara a dawo a ce in sake. Ruwan faiba yana cin hannu, ƙurarta tana shiga ƙirji, sai da na yi jinyar tari kafin na tilasta wa kaina da yarana sa takunkumi da yin aiki a fili. Saboda asarar kaya na canza tsari: yanzu haya nake bayarwa, ba sayarwa ba. Kowace hula tana da lamba a ciki, a ƙirga a gabana a fita da ita, a ƙirga a dawo. Na gina kantoci a ɗaki guda, na jera su bisa zamani da ƙasa, na Kano dabam, na Borno dabam, na Damagaram dabam.

Babana ya riski farkon wannan aiki. Idonsa ya riga ya yi rauni, ba ya fita. Na kai masa farantin da na buga wa kwalkwalin wani jarumi, ya shafa shi da yatsunsa, ya bi zanen tun daga tsakiya har gefe. Ya ce, "Wannan zanen babana ne. A ina ka samo?" Na ce, "A hannunka na gani, Baba." Ya ce, "To bugunka ya yi zurfi a nan gefen, sassauta hannu." Ya sa mini albarka. Bayan rasuwarsa 'yan'uwana suka bar mini uwar maƙera da masabarsa, da su nake buga duk wani na jarumi.

Yanzu ina da yara masu koyo, har da 'yata ta biyu, wadda ta fi ni iya zane, ita ke fitar da ma'auni a kwamfuta ta buga mana a takarda. Kowane yaro sai ya yi wata yana ɗinkin tsumma da basilla wurin 'ya'yan kawu kafin in bar shi ya taɓa roba, domin wanda bai san nauyin na gaske da zamansa a kai ba, ba zai iya kwaikwayonsa ba. Ina kuma roƙon duk gidan da ke da tsohon kwalkwali ko sulke ko lifidi a adaka, kada a ba 'yan gwangwan don an ga ya tsufa. A bari a ɗauki hotonsa ciki da waje, a auna shi, ko a kai gidan tarihi.

Aikin da ke gabanmu a yanzu na shekarar 1903 ne, zuwan Turawa. Rundunar Kanar Morland da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu ba ta kai mutum dubu ba, kuma galibinsu baƙaƙen fata ne, Turawan 'yan kaɗan ne. Su waɗannan hafsoshin nake yi wa hularsu ta rana mai baki gaba da baya, wadda asalinta da ɓargon wani tsiro na Indiya ake yi a rufe da kaki. Tamu da roba ce, kakin kuma mun jiƙa shi a ruwan shayi ya dusashe. Babban aikin shi ne na Kwatarkwashi, inda mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa bindigogi har ya faɗi a wurin. Daraktan yana son dawaki fiye da ɗari a fili, kowane mahayi da abin kansa: manya da rawani a kan hula, 'yan sulke, 'yan lifidi. Mun gama na roba, saura na Waziri da na mutanen da ke kewaye da shi. Damina ta sa fenti ba ya bushewa da wuri, don haka mun mayar da feshi zuwa tsakar rana, ɗinki da sarƙa zobe kuma da dare. Gashin jimina ne har yanzu bai iso ba, na aika a nemo mini a Kurmi.